Sabuwar Hanyar Shiga Kobben

Replot,
3 ga Yuni.

Zuwa ga ƙanena Runar,

Gaisuwa mai tarin yawa daga nan gida, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya lau, kai da Noreen da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, ya sa gwiwar nan da ka ce tana damunka tun hunturu ta sake ka. Mu nan kowa ƙalau, sai godiya. 'Yata Ylva ta gama jarrabawa a garin Åbo, tana tafe ƙarshen mako da kayan wanki jaka biyu kamar yadda ta saba. Gwaggo Alfhild ta cika tamanin da takwas, ta kuma sallami likitanta na uku don ya hana ta gishiri. Mijina Torolf yana nan da surutunsa. Baba kuwa jiki da ƙarfi, ci ba a magana, idon ne dai yake ta ja da baya. Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Labarin da ke bakina ya fi ƙarfin waya, kuma in na kira ka katse ni za ka riƙa yi, don haka ka nemi wuri ka zauna ka karanta.

Runar, Alva ta koma ruwa. Jirgin Baba da ya shekara goma sha ɗaya a kan katako cikin rumfa tun lokacin jinyar Mama, yau tana ɗaure a gadar katakonmu tana lilo. Hunturu biyu muka yi ni da Torolf muna kankare ta, muka sa mata sabon inji da sababbin batura, muka gyara ɗakin kwana da murhu. Ranar da aka sauke ta na tsaya a gada ina dariya ni kaɗai, har maƙwabcinmu Börje ya ja Torolf gefe ya tambaye shi ko matarsa lafiya take. Niyyarmu a bana mu yi bikin tsakiyar bazara a tsibirin Kobben, dukanmu har da Baba, mu kwana cikin jirgi kamar da, a hura sauna, ɗakin wankan tururi, a ci kifi. In an gama kuma, ni da Torolf mu tsallaka gaɓar Sweden mu yi mako uku muna yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Shekarata hamsin da shida, amma wallahi ji nake kamar an ba ni hutun makaranta.

Sai dai ka san Kobben. Ƙaramin kwale-kwale yana shiga ta ko'ina, amma Baba ba zai iya awa biyu a cikinsa a buɗaɗɗen teku ba yanzu, kuma jirgi mai nauyin Alva hanya ɗaya ce tak yake da ita zuwa cikin lungun, tsakanin duwatsun da ba sa leƙowa sama. Hanyar nan ba ta cikin taswirar kowa, a kan Baba kawai take. Likitan ido ya faɗa mini a gefe cikin watan Maris cewa nesa tana gushe masa da sauri, baɗi warhaka da wuya ya bambance bishiya da mutum a gaɓa. To ka ga lissafin. In ban karɓi hanyar daga bakinsa bana ba, ta tafi ke nan, Alva kuma ba za ta sake kwana a Kobben ba.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Kaka ya koya wa Baba, Baba kuma ya fara koya maka kana shekara goma sha huɗu, don haka ake yi, uba ya ba ɗa. Na tuna yana nuna maka alamomi kana sunkuye a gefen jirgi kana mayar da karin kumallonka ga kifaye, ni kuwa da ruwa bai taɓa juya mini ciki ba ina ƙasa ina yanka burodi. Ka kwashi rabin hanyar ka tafi da ita Kanada, inda ba ta da amfanin komai. Ban riƙe ka da laifi ba, amma abin ya ci mini rai shekara arba'in. Sau biyu na roƙi Baba a watan jiya ya zauna ya zana mini, sau biyun yana cewa hanya ba a takarda take ba, kuma in Runar ya zo gida za a yi maganar. Na ce masa Runar ko tafkin bayan gidansa ba ya iya ƙetarewa, ya yi kamar bai ji ba.

Ana cikin haka Torolf ya kamu da ciwon na'ura. Teburin cin abincinmu ya cika da takardun talla, sai ka ɗaga hoton allo kafin ka sami man shanu. Shi a ganinsa matsalar ta ƙare, a sayi allo mai taswira wanda tauraron ɗan adam ke nuna masa inda jirgi yake, a sayi rada mai gani cikin hazo, a sayi mai auna zurfi, a sayi wadda ke nuna manyan jirage da sunayensu, a jera su gaban sitiyari kamar ɗakin matuƙin jirgin sama. Ya yi kuskuren faɗin haka a gaban Baba ranar Lahadi, har ya ƙara da cewa yanzu ba sai an wahalar da tsoho ba. Baba ya ajiye cokali, ya ce shi shekara sittin yana shiga Kobben da ido biyu da hanci ɗaya, kuma ranar da aka kafa talabijin a jirginsa, ranar ya daina taka shi. Na taka ƙafar Torolf a ƙarƙashin tebur da dukan nauyina, amma magana ta riga ta fita.

Duk da haka ban ce Torolf ba shi da gaskiya ba. Tsallaka teku zuwa Sweden ba wasa ba ne, hazon farkon bazara kuma ka san shi, sai ya rufe ka kana tsakar shan kofi. Don haka muka tafi garin Vasa, wani shagon kayan jirgi da ke kusa da tashar ruwa. Mai shagon wata mata ce, Henrika, gajeruwa mai hannu kamar na maƙeri, wadda ita kanta ta yi shekaru tana yawo a tekun nan. Torolf ya fara karanto mata jerin abubuwan da yake so, ta bar shi ya kai ƙarshe, sannan ta tambaye shi batura nawa ne a jirgin da faɗin wurin da ke gaban sitiyari. Da ya faɗa sai ta ce in ya kunna wannan taron duka, kafin azahar ko fitilar banɗaki ba za ta kama ba, kuma sai dai ya riƙa leƙen teku ta tsakanin alluna. Ta ce ita ba ta fara tambayar mutum me yake so, tana tambayarsa ina za shi, me kuma yake tsoro. Torolf ya ce hazo da manyan jirage. Ni na ce dutse.

Na ji daɗin matar nan ƙwarai. Ta sa na tsoma hannu a bokitin ruwan sanyi, ta ce in taɓa allon nan da ake shafawa da yatsa. Na shafa, taswira ta yi tsalle ta kai ni wata ƙasa. Ta miƙo mini wani mai maɓallai a gefe, ta ce wannan ko da safar hannu zai ji maganata. Ta fitar da su biyun waje cikin rana don in ga wanda rubutunsa ke dusashewa. Game da rada kuwa ta ce aba ce mai kyau, amma tana cin wuta, kuma wanda bai zauna ya koyi karanta ta ba tsoro kawai take ƙara masa. Sai na ce ta nuna mini Kobben a taswirarta. Ta matso da wurin, muka duba, babu komai sai shuɗi da 'yan alamun dutse warwatse, ko lambar zurfi ɗaya babu a cikin lungun. Henrika ta ce haka abin yake da zarar an bar hanyar da hukuma ta auna, allo yana sanin inda kake, amma bai san abin da ke ƙarƙashinka ba sai in wani ya taɓa aunawa. Ta ce kada mu sayi komai tukuna. Ta ɗauko wata 'yar na'ura ta gwaji mai batirinta, mai taswira da ma'aunin zurfi a haɗe, da kunnenta da ake maƙalawa a gefen jirgi ya nutse a ruwa, ta ce mu je da ita ranar Asabar mu dawo mu ba ta labari.

Saura shawo kan Baba. Na je da burodin kirfa mai zafi, na ce masa ba a kafa komai ba, aro ne, Litinin za a mayar. Ya ci guda biyu yana tunani, sannan ya ce zai je bisa sharaɗi biyu, a rufe abin da tsumman goge kwano, a kuma toshe masa baki kada ya ji yana kuka. Na ce na yarda. Ya ce kuma shi zai riƙe sitiyari, kada kowa ya koya masa aikinsa. Na ce wa ya isa.

Asabar ta zo da rana tas, ruwa kwance, 'yar iskar arewa da ta kwana biyu tana busawa ta faɗi. Muka ɗaure ƙaramin kwale-kwale a baya muka tashi. Runar, da ka ga Baba. Ya sa tsohuwar hularsa mai baki, ya tsaya ƙafa a ware, injin yana bugawa a hankali, fuskarsa ta koma ta mutum ɗan hamsin. Yana ta ba Torolf labarin kowane tsibiri da muka wuce da wanda ya taɓa kifewa a wurin. Ni ina tsaye kusa da shi zuciyata kamar ta tashi sama don murna, ƙamshin man inji da gishiri da kofi ya dawo mini da Mama har na share ido a ɓoye. Torolf kuwa yana zaune kusa da na'urarsa, kowane minti biyar sai ya ɗaga gefen tsumma ya leƙa kamar mai duba tuwo a tukunya. Baba ya ce masa in ya gama gaisawa da budurwarsa ya zo ya riƙe igiya.

Da muka doshi Kobben sai na lura da wani abu. Ka tuna alamar farko, a daidaita farin dutsen gaɓa da bishiyar nan mai karkataccen kai, a bi su har rufin bukkarmu ya fito daga bayan tudu, sannan a karya hagu a wuce tsakanin duwatsu biyun nan da muke kira Tagwaye. Baba ya rage gudu yana ƙanƙance ido, yana ɗan karkata kai, sai na gane ba ya ganin farin dutsen ko kaɗan. Ban nuna na gane ba. Na yi kamar da kaina nake magana, na ce ashe dutsen nan har yanzu fari ne, ga shi ya kusa shiga ƙarƙashin bishiyar daga dama. Ya ɗan murɗa sitiyari bai kalle ni ba. Haka muka yi ta yi, ina sakin magana yana tsinta, har muka wuce Tagwaye lafiya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana hango bayansu a ƙarƙashin ruwa. Saura Dokin Ƙofa kawai, shimfiɗaɗɗen dutsen nan da ake haurawa a faɗa lungu. Baba ya ce wa Torolf ya buɗe ido ya ga yadda ake yi ba da talabijin ba. Bai rufe baki ba muka ji gurrr daga ƙasa, Alva ta ɗaga hanci kaɗan ta tsaya cak, kofuna suka gangara.

Kada hankalinka ya tashi, tafiyar hawainiya muke yi, dutsen kuma sumul yake, fenti kawai ya karce. Muka koma baya ni da Torolf don nauyi ya bar gaba, aka ba inji baya, ta zame ta sauka. Muka ja waje muka jefa anka. Amma da na dubi Baba sai na ji da ma jirgin ne ya fashe. Ya ɗauki sandar ƙugiya ya ce in kai shi a kwale-kwale, ya auna ruwan kan Dokin Ƙofa da hannunsa, ya dawo ya gwada da alamar gindin Alva da ke jikin sandar. Bai yi kuskuren hanya ba ko da taku ɗaya. Duk rayuwarsa da tazarar tafin hannu guda yake haura dutsen nan, shekara goma sha ɗaya kuma ta cinye tafin hannun. Shi da kullum yake mita cewa ƙasar nan tashi take yi daga teku kaɗan-kaɗan kowace shekara, shi da ya ƙara wa gadarmu tsawo sau biyu don ruwa yana gudunta, shi da yake yi wa baƙi dariya in sun yi mamakin ciyawa a inda kakanninsu suka kama kifi, bai taɓa kawowa a ransa cewa hanyarsa ma tana tashi tare da sauran ƙasar ba. Ga sabon inji ya fi tsohon nauyi, ga iskar arewa ta janye ruwa. Ya zauna ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce a hankali, "Ƙofa ta rufe. A juya gida."

Ka san halina, in tsoro ya kama ni faɗa nake yi. Na ce babu inda za a juya. Na fizge tsumman, na kwance na'urar da kunnenta, na sauka kwale-kwale na maƙala ta a gefe, na ce zan bi lungun nan taku-taku har in sami inda ruwa ya kai, ko da zan kwana ina tuƙi. Na kama filafilai na nufi kudu da Tagwaye. Ban yi nisa ba na ji muryarsa a bayana yana cewa ina za ni, can ai ko agwagwa sai ta ɗage ƙafa. Na ce to wanda ya sani ya zauna a jirgi yana jimami, ni da ban sani ba dole in yi ta lalube. Sai ya ce wa Torolf, "Kai, mai talabijin, riƙe mini hannu in sauka kafin yarinyar nan ta kashe kanta."

Ya zauna a bayan kwale-kwale, na ɗora masa na'urar a cinya don ba ni da hannun riƙe ta. Henrika ta nuna mini maɓallin da ke mayar da allon lambar zurfi zalla, na danna, lambobi suka fito manya kamar tafin hannu. Baba ya sunkuya, ya ja kai baya, sai na ji ya ce, "Tamanin da biyar." Yana gani, Runar. Nesa ce ta tafi, kusa tana nan. Ya tsoma sandarsa don ya kama ta da ƙarya, sanda ma ta ce santimita tamanin da biyar. Ya sake gwadawa a wani wuri, suka sake yin daidai. Ya yi tsaki ya ce abin dai ba shi da kunya amma ba ya ƙarya. Daga nan ya ce in juya arewa, wai Kaka ya taɓa gaya masa akwai wani tsagi bayan babban Tagwaye, mai zurfi amma matsattse kuma a karkace, ba wanda ya damu da shi tunda ga ƙofa a buɗe. Shi kansa bai taɓa bi ba. Muka shiga nema, yana karanto lamba ina tuƙi, mita ɗaya, ɗaya da goma, tamanin, mu koma baya, ɗaya da talatin, ɗaya da sittin. Da ya ce ɗaya da tamanin muryarsa ta canza, ni kuma na kusa sakin filafili don daɗi.

Fiye da awa guda muka yi muna kai da kawowa a tsagin nan har muka san bakinsa da gwiwarsa da inda yake fita cikin lungu, na'urar kuma tana zana duk inda muka bi da jan layi. Alva mita ɗaya da ashirin take buƙata, wuri mafi ƙaranci a tsagin ya ba mu ɗaya da hamsin da biyar. Baba ya lissafa da yatsu ya ce wannan zai kai jikokin Ylva su fara tuƙi. Amma ya ce jan layi ba hanya ba ne, ranar da batir ya mutu layi ya mutu, hanya sai da alama a ƙasa. Ya tambaye ni me nake gani a gaɓa daidai hancinmu. Na ce ga wani dutse mai tsagewa a tsakiya, bayansa kuma bututun hayaƙin sauna. Ya ce suna kan layi ɗaya? Na ce in na matsa dama kaɗan. Ya ce in matsa, ya karanta zurfi, ya ce to nan ne, in riƙe su. Na tambaye shi alama ta biyu fa, wacce za a ɗauka a wurin karyawa. Sai ya ce ni ke da ido, ni zan zaɓa. Na zaɓi ƙaramar bishiya da ke tsaye ita kaɗai a kan tudun yamma. Dutsen mai tsagewa bai fita sosai daga nesa ba, don haka muka koma muka tuɓe wa Torolf farar rigarsa, na kai na shimfiɗa a kai na danne da duwatsu. Ya tsaya a jirgi da tumbi a waje yana cewa shi ba a taɓa gaya masa haka ake zama alamar teku ba.

Da muka ɗaga anka na matsa gefe don Baba ya kama sitiyari. Bai kama ba. Ya je ya zauna a benci ya rungume na'urar, ya ce shi yana da aiki. Sai na kama. Na daidaita rigar Torolf da bututun sauna a layi ɗaya, na shiga a hankali, babban Tagwaye yana wucewa a hagu kusa har ina ganin gansakukar jikinsa. Baba bai ce dama ba, bai ce hagu ba, lamba kawai yake kira da murya ɗaya kamar mai karanta waƙar coci. Da bishiyata ta fito na karya, ya ce ɗaya da hamsin da biyar, sannan ya ce ɗaya da saba'in, biyu, biyu da rabi. Sai ga mu a cikin lungu, ruwa lumui, bukka ja tana kallonmu. Na kashe inji na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, ban kuma ji kunyar kowa ba.

A kan dutse muka sha kofi da baƙin burodi da kifin banda, a nan kuma aka yanke maganar sayayya ba tare da gardama ba. Allo matsakaici mai maɓallai, taswira da zurfi a haɗe. 'Yar na'urar da ke nuna manyan jirage, don tsallakawarmu, tunda ba ta cin wuta. Rada sai baɗi, in Torolf ya yi alkawarin zai zauna ya koye ta a hunturu, in hazo ya sauko bana kuwa mu zauna a tasha mu ci burodi. Taswirar takarda da kamfas mai nuna arewa suna nan a inda suke. Baba ne da kansa ya ƙara abu ɗaya, wai a kafa wani ƙaramin allo na lambar zurfi zalla kusa da bencinsa, lambobin kuma su fi waɗannan girma. Torolf ya tambaye shi ko talabijin yake nufi, ya ce a'a, talabijin shi ne naka, nawa sanda ce. Abin da ya dame shi kawai shi ne ko akwatin zai je ya gaya wa Börje hanyarmu. Na ce Henrika ta nuna mini yadda ake hana shi raba abin da ya gani da kowa. Ya ce in hana shi sau biyu.

Kafin mu taso na samo ragowar farin fenti a bukka na je na shafe dutsen mai tsagewa, Torolf ya karɓi rigarsa. Baba ya biyo ni a hankali da sandarsa, ya tsaya yana shafa gefen dutsen da hannu don ya san siffarsa. Sannan ya ce tun ina 'yar shekara goma ya san ni ce mai kan ruwa a gidan, ya sani sarai, amma haka ya tarar ana yi, bai kuma yi ƙarfin halin sakewa ba. Na ci gaba da shafa fenti a inda na riga na shafa. Ya ce, "Dagny, ki rubuta wa ƙaninki. Ki ce masa hanyar da na fara koya masa ta rufe. In ya zo, wurinki zai tambaya."

To ga shi na rubuta. Ka zo bikin nan, Runar, kada ka ce sai baɗi. Bana Baba zai iya ganin fuskarka in ka zauna kusa da shi, baɗi ban sani ba. Akwai wurin kwana huɗu a Alva, yara kuma su yi shimfiɗa a bukka. Ka taho da maganin amai, ni zan shigar da kai.

Ka gaishe mini da Noreen da kyau, ka ce na gode da hotunan lambunta. Ka gaishe da Elis da Tuva, ka ce gwaggonsu tana jiransu da sauna a hure. Baba yana gaishe ku, Torolf da Ylva ma haka, Gwaggo Alfhild kuma ta ce in tambaye ka ko an hana sayar da takarda da biro a Kanada. Allah ya tsare ku, ya kawo ku gida lafiya.

Yayarka mai ƙaunarka,
Dagny